Baba Mai Lambu da Takardar Lakol Ɗinmu

Ranar da muka kai surukina makwancinsa, tabarmin majami'armu ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. An gama yankan hatsi ke nan, kowa na da aikin ɗaurin dami, amma mutane suka bar gonakinsu suka zo, daga Cadakori, daga Tibiri, daga Gidan Rumji, wasu bisa amalanken jaki, wasu a ƙasa.

Limamin unguwar gabas, ɗan wan marigayin, bai shiga majami'a ba. Ya zauna a gindin itacen bedin bakin ƙofa tun daga waƙar farko har aka fito da gawa, tazbaha a hannu, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Duk wanda ya ce masa "ya haƙuri", sai ya amsa da magana guda: "Ƙanen ubana ne. Shi ya fara kama hannuna ya ɗora bisa alli." Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta yi ta faɗa wa mata cewa da furfurarta ya koya mata rubuta sunanta, kuma har yau ba ta dangwala yatsa a buro, wato ofishin gwamnati.

Muna dawowa daga kabari, wani saurayi cikin sababbin malaman lakol ɗinmu, wato makarantar boko, ya matso kusa da ni ya ce, "Mushe, ashe tsohon mai lambun nan yana da jama'a haka?"

Mushe shi ne yadda ake kiran malamin lakol a nan, daga Faransanci. Ba da raini ya faɗa ba. Abin da ya tarar ke nan: tsoho mai tsohuwar hula, yana ban ruwan yakuwa a bayan azuzuwa. Da na gaya wa matata, ɗiyar marigayin, abin da saurayin ya faɗa, sai ta ce, "Kai ka zauna bisa kujerarsa. Kai ya kamata ka rubuta." Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da ya faru kafin zuwana garin daga bakinta na ji shi, da bakin liman. Sauran da idona na gani.

Baba, wato surukina, ya tashi manomi ne kamar ubansa. Yana saurayi ciwon ido ya kama shi, ya ƙetara kudu neman magani, ya kwanta wata da watanni a asibitin ƴan mishan. Can ya warke, can ya koyi karatun boko da Hausa, can kuma ya karɓi addinin Kirista. Da ya dawo, wansa ya raba akushi da shi. Ba a kore shi daga gida ba, amma an daina kiransa in za a yi shawara. Ya kafa rumfar kara a bakin gonarsu ta gado, ya shafa wa wani katako baƙin tukunya ya zama allo, ya fara tara yara. Yana koya musu karatu da lissafi. Faransancin da yake da shi a wurin wani tsohon soja ya tsince shi, kalma-kalma, yana rubutawa yadda kunnensa ya ji.

Kullum akwai guntun alli a bayan kunnensa, har a majami'a. Ba ya duka. In yaro ya kasa, sai ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Ni ne ban faɗa da kyau ba. Bari in sake." Yakan sake sau biyar, sau shida, har sauran yara su gaji su fara faɗa wa ɗan uwansu amsar, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

Da ƙasa ta samu ƴancin kai, labari ya bazu cewa Turawa na tafiya, ana neman ƴan ƙasa masu takarda a buro da asibiti da lakol. Ɗiyarsa ta fari, wadda yau ita ce matata, ita ta fi kowa a rumfar. Ya ɗauke ta, suka taka har Maradi don ya rubuta sunanta cikin masu jarrabawar satifika, ta gama firamare. Magatakardan ya duba babban littafinsa, ya sake dubawa, ya ce, "Malam, lakol ɗinku ba ta cikin takarda. A wurin gwamnati yarinyar nan ba ta taɓa shiga aji ba."

Matata ta ce daga nan suka juya suka kamo hanyar gida. Sai da suka kai bakin gulbi ya tsaya, ya ce mata, "Zauna nan inuwa." Ya koma shi kaɗai. Da ya dawo yana riƙe da takarda, ashe ya sa magatakardan ya jera masa duk abin da ake bukata kafin gwamnati ta san da zaman lakol. Wasiƙar roƙo. Shaidar fili, da hannun mai gari da na sarki. Ɗakuna na gini masu taga, ba rumfa ba. Makewayi da ruwan sha. Littafin sunayen yara da takardar haihuwar kowane. Koyarwa da Faransanci bisa tsarin gwamnati, ba tare da tilasta wa ɗan kowa addini ba. Na ƙarshe kuma, shugaba mai takardar shaidar koyarwa.

Fili ya fi komai wuya, don gonar ta su biyu ce, shi da wansa. Sau uku yana zuwa zauren wan, sau uku ana ce masa ba ya nan, alhali takalmansa na bakin ƙofa. Daga ƙarshe mai gari ya haɗa su. Liman, wanda a lokacin bai fi shekara bakwai ba, yana zaune jikin ubansa, ya ce bai manta ko kalma ɗaya ba.

Wan ya ce, "Ka bar addinin ubanmu, ban ce maka komi ba. Yanzu gonar ubanmu kake so ka ba Nasara?"

Baba ya ce, "Yaya, Nasara sun tafi. Ɗiyan garin ga za ni ba. In ba mu yi ba, gobe baƙo za a kawo ya karanta mana takardar gonarmu, mu ce to."

Sai wan ya ɗora hannu bisa kan ɗansa ya ce, "In na sa wanga yaro a wurinka, azahar ta yi, mi za ka yi?"

"In tashe shi ya yi salla."

"In ya ƙi fa?"

"In kawo maka shi da kunne. Ruwan alwala ma ni za ni zuba."

Wan ya dangwala yatsa. Bai sake cin tuwo da ƙanensa ba sai bayan shekaru, amma da aka fara buga tubali, jakunansa biyu ne suka yi ta jigilar ƙasa. Baba kuwa ya cika alkawari. Har ƙarfinsa ya ƙare, kafin azahar zai jera butoci cike da ruwa a gindin gawon lakol, ya shimfiɗa buhu. Wasu dattawan majami'a sun yi gunaguni, suka ce lakol ɗin Kirista ce ko ta allo. Ya ce musu, "Na yi magana gaban mai gari. Ku nuna mani inda Littafi ya ce in tashe ta."

Takardun haihuwa ma sun ba shi wahala. Babu yaron da aka rubuta ranar haihuwarsa. Ya bi gida-gida yana tambayar uwaye, wannan ta ce shekarar da fara ta ci gero, waccan ta ce damanar da gulbi ya cinye gonakin fadama. Ya riƙa kwasar iyaye da shaidu zuwa buro, rukuni-rukuni, ranar kasuwa, don kada a ce ya hana mutane aiki.

Saura shugaba mai takarda. Da hannunsa ya rubuta wa dattawan majami'a na Maradi cewa su aiko masa da wanda zai zauna bisa kansa. Ni aka aiko.

Shekaruna ashirin da ɗaya, ina da takarda, ina da wando mai kari da takalmi sau-ciki, kuma na tabbata babu wanda ya san komai a ƙauyen nan. Na tarar da ɗakuna biyu na ƙasa da rufin azara, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ya tarye ni a bakin hanya, ya karɓi akwatina ya ɗora a kansa, mutumin da ya kusa haifata. A cikin aji ya jawo kujerar da ya sassaƙa wa kansa ya ce, "Zauna, Mushe." Daga ranar har ya bar duniya bai taɓa kirana da wani suna ba. Muka raba aiki, ni manyan yara, shi ƙanana.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi mini nauyi. A lakol ɗin da na yi, duk yaron da aka ji ya yi Hausa ana rataya masa wani ƙashi a wuya, muna ce masa sambol, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Na samo ƙashin jaki na huda, na sa igiya, na kawo wannan doka. Baba ya same ni ya ce, "Mushe, yaron da ya zo jiya daga bayan awaki, da wane baki zai ce yana jin ƙishirwa?" Na ce doka ce, in mai duba lakol ya zo ya ji Hausa, aikinmu ya lalace. Bai ƙara ba.

Bayan kwana kaɗan na shiga ajinsa na ga abin da ya rubuta a allo, kuskure uku cikin layi ɗaya. Maimakon in jira a tashi, na ɗauki tsumma na goge a gaban yara, na gyara, na ce da Faransanci, da ƙarfi, wanda bai iya ba ba ya koyarwa. Ƙananan ba su gane kalmomin ba, amma sun gane muryar. Ya dubi allon, ya ce, "Na gode, Mushe," ya sa su maimaita yadda na gyara.

Da aka fito shan iska sai na ji tsakar lakol ta yi tsit. Wata ƴar ƙaramar yarinya ce ke tsaye da ƙashin a wuya, tana kuka ba sauti. Baba ya je ya durƙusa gabanta, ya ce da Hausa, yadda kowa zai ji, "Kawo nan, ɗiyata. Ga shi na yi Hausa, nawa ne." Ya rataya a wuyansa. Ya yini da shi, ya koyar da shi, ya tafi gida da shi, washegari ya dawo da shi. Duk yaron da ya yi Hausa sai ya yi kamar kurma. Kwana huɗu ƙashin na wuyan dattijon da ya gina ɗakin da nake tsaye ciki. A rana ta biyar na tare shi a bayan aji na ce, "Malam, don Allah ba ni abin nan." Ya ba ni, na jefa cikin makewayi. Ban ce ya yafe mini ba, shi ma bai nema ba.

Da aka sanar da mu ranar zuwan ansifekta, wato mai duba lakol na gwamnati, na san inda matsala take. Ba shugaba kaɗai ba, duk mai riƙe aji sai da takarda. Na ce wa Baba, "Malam, ranar ka ɗauki guga ka tsaya bakin rijiya. In ya tambaya mu ce kai mai lambu ne. In ya tafi ka koma ajinka."

Ya ce, "Mushe, in munka fara lakol da ƙarya, mi za mu koya musu ranar Litinin? Ya same ni inda nike."

Ansifektan ɗan ƙasa ne, dogo, mai magana a hankali. Ya zo da hantsi cikin mota, gari duka ya fito kallo. Ya auna ɗakuna da taku, ya tsaya tsakiyar aji ya buɗe littafi ya ga ko hasken taga ya isa karatu. Ya leƙa makewayi, ya sa aka jawo ruwan rijiya ya kurɓa. Ya bi sunayen yara ɗaya-ɗaya yana haɗawa da takardun haihuwa. Ya duba takardata. Ya kira yara uku Musulmi gefe ya tambaye su ko ana sa su shiga majami'a, suka nuna masa butoci. Sannan ya shiga ajin ƙanana ya zauna a baya.

Ban taɓa ganin Baba ya koyar kamar ranar ba. Lissafi ne, da ƙwayar gujiya. Yaran da ba su fi wata biyar da shigowa ba suna haɗawa suna ɗebewa, suna faɗa da Faransanci, hannuwa na tashi kamar za su tsinke. Ansifektan ya ajiye alƙalaminsa yana kallo. Da aka tashi ya ce da Hausa, "Malam, ina ka yi karatun koyarwa?"

"Ban yi ba, ranka ya daɗe."

"Satifika fa?"

"Babu."

Mutumin ya shafa fuskarsa. Ya ce, "Na zaga lakol da yawa, ban cika ganin aji irin wannan ba. Amma in na rubuta sunanka babu takarda, can Yamai za su mayar da roƙon duka. In ban rubuta sunanka ba, dole ka bar ajin da gaske, don zan dawo."

Baba ya ce, "In na bari, yaran ga za su zauna jarrabawa?"

"Ina sa rai."

Ya zare allin da ke bayan kunnensa ya miƙo mini. Ya ce, "Da ka ce in zama mai lambu na yini guda. To, yanzu ba ƙarya ba ce." Da la'asar ɗin ranar ya fara kafa shingen ƙaya a bayan azuzuwa.

Muka jira. Rani ya wuce, damana ta sauka, na riƙe aji biyu ni kaɗai har aka aiko wani malami. Duk ranar kasuwa Baba na zuwa bakin hanya ya tambayi masu zuwa daga Maradi ko an ba su saƙo. Sai da gero ya fara fitar da kai takardar ta iso, da hatimi. Ya wanke hannu kafin ya taɓa ta. Ya ce in karanta, na karanta, na fassara. Sunan garin na ciki, sunan majami'a na ciki, sunana na ciki a matsayin shugaba. Nasa babu. Na yi sauri na wuce wurin, amma ya lura. Ya ce, "Sake karanta inda sunan garin yake." Na sake. Ya ce, "To, yanzu an san da mu," ya tafi ya gaya wa wansa tun kafin ya gaya wa fasto.

Ɗiyarsa ba ta ci moriyar takardar ba. Kafin ta iso shekarunta sun wuce na jarrabawa. Ita ce ta yi sanadin komai, kuma ba ta taɓa zama a ajin gini ba. Bayan shekara shida na aure ta. Har yau ita ke gyara mini wasiƙa in na yi ta da Hausa.

Shekarar da yaranmu na farko suka tafi Maradi jarrabawa, Baba ya rubuta sunansa cikin masu zuwa daga waje, don ansifekta ya ce in ya samu satifika za a iya mayar da shi aji. Ya yi wata shida yana zama a bencin baya na ajina, gwiwoyinsa sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. A lissafi babu wanda ya kama ƙafarsa. Shifta ce ta kayar da shi, kunnensa ya riga ya saba da Faransancin tsohon soja. Da aka kira sunayen waɗanda suka ci, akwai ɗan wansa, babu shi. Ya ɗaga yaron sama yana juyi da shi a gaban jama'a. Ya sake gwadawa shekara ta biyu, ya sake faɗuwa, bai ƙara ba. Ya koma lambunsa, da yamma kuma ya tara manya a gindin gawo yana koya musu karatun Hausa, inda babu mai tambayarsa takarda.

Da na zama surukinsa kunya ta shiga tsakaninmu. In na hango shi sai in cire takalmi in durƙusa, mu gaisa ido a ƙasa, in wuce. Shekara fiye da arba'in muna gaisawa kullum, ban samu bakin da zan ce masa abin da ke raina ba. Na yi ritaya, ya tsufa, lakol ta zama azuzuwa shida da rufin kwano.

Sati biyu kafin rasuwarsa na je gaishe shi da hantsi. An fito da shi tsakar gida yana shan rana. Matan gida sun tafi gona, babu kowa sai mu biyu. Na durƙusa, na ƙi tashi. Na ce, "Baba, ranar da na goge maka allo gaban yara. Ka yafe mini."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Yau ka tuna? Na ji zafinta, Mushe. Shekara biyu ina jin ta. Ranar da magabatanka sunka zo neman ɗiyata saura kaɗan in ce a'a. Sai na tuna na leƙa ta taga na gan ka durƙushe gaban wani yaro kana cewa bari ka sake. Na ce wanga ya gyaru."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Mutane na cewa ba ka taɓa damuwa da barin aji ba."

Daga inda muke ana jin ƴan ajin farko suna maimaita baƙaƙe, murya ɗaya, kamar kullum. Ya karkata kai wajen, yana saurare, leɓensa na motsi tare da su.

Ya ce, "Ƙarya suke. Kowace safiya na damu. Don mi kake tsammani na yi lambun jikin taga? Fili na nan da yawa kusa da rijiya." Ya numfasa. "Na so in riƙe ajin nan ko shekara guda, da takarda, a ce ga mushen ƙanana. Allah bai nufa ba. Kada ka faɗa wa ɗiyata sai na tafi, za ta yi kuka."

Sai ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Tashi hakanan, gwiwarka ba lafiya gare ta ba."

Ya tafi, na faɗa mata, ta yi kukan. Allah ya ba shi hutawa, ya ba mu haƙurin rashinsa.